Inhelar asma da ƙwannafi: abin da ke faruwa a bututun abinci

Duk lokacin da mai asma ya danna inhela ya ja numfashi, kaso kaɗan ne na maganin ke isa inda aka aike shi. Da inhelar feshi da aka saba da ita, in ba a haɗa ta da sifesa ba ('yar gorar roba da ake sa wa tsakanin inhela da baki), abin da ke sauka a huhu sau da yawa bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba. Mafi yawan ragowar a harshe da ganɗa da bangon maƙogwaro yake tsayawa. Feshin yana fitowa da gudu, hanyar kuwa tana da lanƙwasa a bayan harshe, don haka duk ɗigon da girmansa ya haura maikiron 5 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ba ya iya shan kwanar, sai ya bugi bango ya manne. Waɗanda ke tsakanin maikiron 1 da 5 su ne ke bin iska har ƙananan hanyoyin numfashi. Abin da ya manne kuma yawu ne ke kwashe shi, a haɗiye, ya bi bututun abinci ya gangara tumbi. Ke nan mai shaƙar inhela safe da yamma, bututun abincinsa ma yana samun rabonsa safe da yamma, ko ya sani ko bai sani ba.

Bututun abinci a babban mutum tsawonsa kamar santimita 25 ne. A ƙarshensa, daidai mahaɗarsa da tumbi, akwai zoben tsoka mai tsawon santimita 3 zuwa 4 da ke zaune a tsuke, ba ya buɗewa sai an haɗiyi abu ko za a yi gyatsa. Ƙarfin tsukewarsa a mai lafiya yana tsakanin 10 da 30 a irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Ba shi kaɗai ke gadin ƙofar ba. Shimfiɗaɗɗiyar tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki tana da ramin da bututun ke ratsawa, gefunan ramin kuma suna matse zoben daga waje duk sanda aka ja iska. Kamar bakin buhu ne da aka ɗaure da igiya biyu: in ɗaya ta yi sako-sako ɗayar na iya riƙewa, in duka suka saki sai abin ciki ya zubo. Tumbi yana da majinar da ke kare bangonsa daga asid ɗin da yake samarwa, bututun abinci ba shi da irin wannan kariyar. In asid ya hauro, bututun yana matsawa daga sama zuwa ƙasa ya mayar da shi, sannan yawu, wanda ke ɗauke da sinadarin baikabonet, ya kashe tsamin da ya rage. In wannan sharar ta yi jinkiri, shi ne mutum zai ji ƙuna a bayan ƙashin ƙirji da ruwan tsami a baki.

Maganin buɗe ƙirji na gaggawa, salbutamol, wanda aka fi sani da sunan Ventolin, aikinsa shi ne sassauta tsokar da ta zagaye hanyoyin iska. Matsalar ita ce zoben ƙarshen bututun abinci da sashen ƙasa na bututun kansa irin wannan tsokar ce, mai aiki ba da umarnin mutum ba, kuma tana da irin makamar da maganin ke kamawa. A wani gwaji da aka wallafa a mujallar Chest a 2001, an ba masu lafiya salbutamol ta nebulaiza, na'urar nan mai mayar da ruwan magani hazo, daga miligiram 2.5 ana ƙarawa har jimilla ta kai 10, ana auna bututunsu. Ƙarfin zoben ya riƙa sauka gwargwadon yawan maganin, ƙarfin matsawar bututun ma ya ragu. Wato ƙofa ta sassauta, mai mayar da asid ɗin kuma hannunsa ya yi sanyi.

Sai dai a dubi adadin da kyau. Fesawa ɗaya ta inhelar salbutamol maikirogiram 100 ce, fesawa biyu 200, wato miligiram 0.2. Kwalba ɗaya ta nebulaiza miligiram 2.5 ce ko 5. Ko da yake nebulaiza tana asarar magani da yawa a iska, tazarar babba ce. Wanda ke fesa biyu sau ɗaya ko biyu a mako, da wuya inhelarsa ta zama sanadin ƙwannafinsa. Wanda ke fesawa sau takwas ko goma kullum, ko yake zama gaban nebulaiza kowane dare, labarinsa daban. Maganin yana kaiwa ga zoben ne ta jini: wani kaso ya shiga daga huhu nan take, wani kuma daga hanji a hankali bayan an haɗiye, bayan hanji da hanta sun lalata kusan rabinsa. Rawar hannu da bugun zuciya da ake ji bayan fesawa da yawa alama ce ta cewa maganin ya zaga jiki, kuma abin da ya kai yatsu ya kai zoben. Tasirinsa yana ɗaukar awa 4 zuwa 6. 'Yan uwansa masu dogon aiki, fomoterol da salmeterol, awa 12 suke yi, amma ana ba da su a ƙayyadadden ƙaramin adadi tare da sitiroyid, maganin kwantar da kumburin hanyoyin iska, kuma amfaninsu wajen kwantar da asma ya fi ƙarfin wannan illar nesa ba kusa ba.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi, su ɗora wa inhela laifin da na cutar ne. Asmar da ba a shawo kanta ba ita kanta injin tura asid sama ce. In hanyoyin iska suka tsuke, mutum yana jan numfashi da ƙarfi, ƙirji ya zama kamar yana zuƙo duk abin da ke ƙasa da shi, tumbi kuwa yana ƙasan. Iska tana maƙalewa a huhu ya kumbura, ya danne tsokar numfashi ta baje, matsewar da take yi wa zoben daga waje ta yi rauni. Tari kuma kowane ɗaya matsa ciki ne. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, wanda ya fito a mujallar Gut a 2007, ya nuna kusan kashi 59 cikin 100 na masu asma suna da alamun hauhawar asid, a waɗanda ba su da asma kuwa kashi 38. A cikin masu asmar da aka duba, kusan rabi an samu wani sashe na tumbinsu ya zarce sama ta ramin tsokar numfashi.

Asid ɗin ma yana ramawa. Bututun abinci da hanyar iska daga tushe ɗaya suka rabu tun ɗan tayi yana ciki, kuma jijiya ɗaya ce, begas, ke kula da su. Asid a ƙasan bututu na iya sa hanyoyin iska su ƙara saurin tsukewa ko da ɗigo bai kai maƙogwaro ba. In kuma ya hauro har sama, musamman cikin barci, ɗan abin da ya zurara cikin hanyar iska ya isa ya tayar da tari da kukan ƙirji. Sai mutum ya farka ƙarfe uku na dare ya lalubo salbutamol, ya fesa huɗu, ya koma ya kwanta rigingine. Zobe ya ƙara saki, asid ya ƙara haurowa, da asuba ya sake farkawa. Hanyar fita daga wannan zagayen ita ce rage buƙatar maganin gaggawa ta hanyar kwantar da kumburin huhu. Daina inhelar ba ya cikin zaɓi, domin ƙwannafi yana hana barci ne, asma kuwa tana kisa. Tun 2019 shirin GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma na duniya, ya daina ba da shawarar a bar babba ko matashi a kan salbutamol shi kaɗai, ya fifita haɗin ƙaramin sitiroyid da fomoterol, irin budesonid da fomoterol da ke cikin Symbicort. Gwangwanin salbutamol fesawa 200 yake ɗauka. Wanda ke ƙarar da uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin asma, kuma wannan ne ya kamata ya kai shi wurin likita tun kafin maganar ƙwannafi.

Akwai wani rukunin masu buɗe ƙirji, ifratrofiyum da tiyotrofiyum, na biyun shi ne Spiriva. Hanji ba ya tsotsarsu sosai, don haka abin da aka haɗiye ba ya zaga jiki da yawa. Illarsu da aka fi gani bushewar baki ce, kuma in yawu ya ragu, asid ɗin da ya hauro yana daɗewa kafin a kashe shi. Magungunan asma na haɗiya sun fi duk inhela taɓa wannan wuri. Tiyofilin yana sassauta zoben kuma yana ƙara yawan asid ɗin da tumbi ke fitarwa. An kuma gwada masu asma da firednison, sitiroyid na haɗiya, miligiram 60 kullum na kwana 7, aka ga lokacin da asid ke ɗauka a bututunsu ya ƙaru. Wanda ya ajiye inhela don tsoron ƙwannafi, ƙarshenta kan waɗannan ƙwayoyin zai faɗa.

Sitiroyid na shaƙa, irin su beklometason, budesonid da fulutikason, hanyarsu daban ce gaba ɗaya, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ba a san su da sassauta zoben ba. Abin da aka haɗiye na fulutikason da budesonid ma hanta tana lalata kusan duka kafin ya shiga jini: na fulutikason ƙasa da kashi 1 cikin 100 ke tsira, na budesonid kamar kashi 10. Ɓarnarsu a kan fatar da suka taɓa take, kafin su kai hanta. Sitiroyid yana kwantar da garkuwar jiki a duk inda ya zauna, abin da ake so ke nan a huhu. A baki da maƙogwaro da bututun abinci kuwa akwai kandida, wata ƙwaya dangin yis da ke zaune lafiya a jikin mutane da yawa, garkuwa ce ke hana ta yaɗuwa. In garkuwar wurin ta yi barci sai ta bazu. A baki ana ganinta, fari-fari a harshe da cikin kumatu, in an kankare sai a ga ja a ƙasa. A bututun abinci ido ba ya kaiwa sai da kyamarar da ake zurawa ta baki, inda ake ganin fararen tabo a jere manne da bango, waɗanda ruwa ba ya wanke su. Wani bincike a Japan a 2003 ya zura wa masu shaƙar fulutikason kyamara, ya samu kandida a bututun sama da kashi ɗaya bisa uku, kuma abin ya fi yawa a masu shaƙar adadi mai yawa da masu ciwon sukari.

Kandidar bututu tana iya zama shiru, tana kuma iya zuwa da zafi a bayan ƙashin ƙirji wanda mai shi zai rantse ƙwannafi ne. Bambancin yana wurin haɗiya. Ƙunar asid takan zo bayan cin abinci, ko in an sunkuya, ko an kwanta, kuma kurɓar ruwa ko maganin kashe tsami kan lafar da ita na ɗan lokaci. Zafin kandida a lokacin haɗiyar yake, mutum yana jin lomar tana gogar wuri mai ciwo tana sauka, wani lokaci har ruwa. Baki na iya zama tas alhali bututu ya kamu, don haka duba harshe a madubi ba ya wanke zargi. Abin takaicin shi ne wanda ya ɗauka asid ne zai sayi omefrazol, maganin rage asid, ya yi ta sha, rage asid ɗin ciki kuwa yana cikin abubuwan da ke ba kandida damar yaɗuwa a bututu. Maganinta na haɗiya ne, yawanci fulukonazol miligiram 200 zuwa 400 kullum na kwana 14 zuwa 21 bisa umarnin likita. Ruwan nistatin da ake kurkure baki da shi bai isa ga bututu ba. Duk wanda aka samu da ita ya dace a auna sukarinsa a kuma yi masa gwajin HIV, kada a tsaya a kan inhela kawai.

Wajen magani akwai tarkon da ya kamata a sani. Itrakonazol da ketokonazol, waɗanda su ma magungunan kandida ne, da ritonabir da kobisistat da ke cikin wasu haɗe-haɗen maganin HIV, suna toshe sinadarin hanta da ke lalata fulutikason da budesonid. Sai sitiroyid ɗin da ya kamata ya mutu a hanta ya taru a jini, fuska ta kumbura, sukari ya hau, jiki ya rage samar da nasa sitiroyid ɗin. Beklometason bai dogara da wannan sinadarin sosai ba, shi ya sa ake komawa kansa ga masu shan irin waɗannan magunguna. Fulukonazol toshewarsa ba ta kai tasu ba, amma likita ya san duk abin da mutum ke shaƙa kafin ya rubuta.

Dishewar murya ma tana rikita mutane. Sitiroyid da ya sauka a kan igiyoyin murya yana raunana su, asid da ya hauro maƙogwaro ma yana dishe murya. Sifesa da rage adadi ko sauya nau'in inhela ne ke taimakon na farko, omefrazol ba ya yi masa komai.

Akwai cuta ta uku da ke ɓuya a tsakanin waɗannan, wato kumburin bututun abinci irin na aleji, inda ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil ke taruwa a bangonsa. Ta fi kama masu asma da masu atishawar aleji da masu ƙaiƙayin fata, kuma ta fi yawa a maza matasa. Alamarta abinci mai tauri ya riƙa tsayawa a ƙirji, mutum ya saba da tauna mai tsawo da kora kowace loma da ruwa har ya ɗauka haka kowa yake. Ana tabbatar da ita ne da gutsuren bangon bututu, in an ƙirga iyosinofil 15 ko fiye a fili ɗaya na madubin likita. Ɗaya daga cikin magungunanta shi ne inhelar fulutikason ɗin nan, amma a juye: a fesa a baki ba sifesa, ba jan numfashi, a haɗiye, a kuma yi minti 30 ba ci ba sha. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa sitiroyid ɗin da aka haɗiye yana aiki sosai a bangon bututu. Mai asma da bai iya shaƙa ba, kusan abin da yake yi ke nan kullum ba tare da an sa shi ba.

To, ko maganin asid yana gyara asma? An gwada. A wani babban gwaji a Amurka da ya fito a 2009, an ɗauki manya 412 masu asmar da ta ƙi lafawa amma ba su da ƙwannafi ko kuma kaɗan suke ji, aka ba rabinsu esomefrazol miligiram 40 sau biyu a rana na mako 24. Asmarsu ba ta fi ta sauran sauƙi ba, har a cikin waɗanda awo ya nuna asid yana hauro musu a ɓoye. Irin wannan gwajin a yara 306 da lansofrazol a 2012 ma bai nuna amfani ba, sai ma ƙarin mura da ciwon maƙogwaro. Saboda haka mai asma da ke da ƙwannafi na zahiri a yi masa maganin ƙwannafinsa, wanda ba shi da shi kuwa kada a ɗora masa. In za a sha, omefrazol miligiram 20 ne minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, na mako 4 zuwa 8, sannan a sake dubawa. Shan sa bayan an ƙoshi ko dab da barci yana rage aikinsa, domin yana kama famfunan asid ne a lokacin da abinci ya tashe su. Mai shan tiyofilin ya guji maganin asid ɗin nan simetidin, yana sa tiyofilin ya taru a jini. Asfirin da ibufrofen da dangoginsu kuwa suna cin bangon tumbi, kuma suna tayar da asma mai tsanani a wasu mutane.

Mafi yawan gyaran a hannun mai inhelar yake. Sifesa 'yar gora ce ta roba da ake sa wa tsakanin inhela da baki. Feshin yana rage gudu a cikinta, manyan ɗigo su manne a bangonta maimakon maƙogwaro, ƙanana su jira a ja su. A girgiza inhelar, a fitar da numfashi, a rufe leɓe a bakin sifesa, a danna sau ɗaya tak, a ja a hankali na daƙiƙa 3 zuwa 5, a riƙe kamar daƙiƙa 10. In akwai fesawa ta biyu, a jira rabin minti a sake girgizawa. Danna biyu ko uku a tare cikin gora asarar magani ce. Ana wanke ta kamar sau ɗaya a wata da ruwa da sabulun wanke kwanuka, a bar ta ta bushe da kanta, domin goge ta da tsumma yana sa bangonta ya riƙa janyo maganin yana riƙewa. Inhelar gari, irin Turbuhaler ko Accuhaler, ba a haɗa ta da sifesa, kuma akasin ta feshi take: da ƙarfi da zurfi ake ja tun daga farko, domin ƙarfin jan ne ke raba maganin da garin da ke ɗauke da shi. Ja mai rauni yana zube shi duka a harshe.

Bayan kowace shaƙar sitiroyid a kurkure baki, a ɗaga kai ruwan ya kai maƙogwaro, a zubar, sau biyu ko uku. Wanda ya kurkure ya haɗiye ya kwashe maganin ne daga baki ya kai shi bututu. Shaƙar dare ita ce mai haɗari, domin cikin barci yawu yana raguwa, haɗiya ma tana raguwa, abin da ya manne sai ya kwana a wurin. Gara a yi ta kafin abincin dare ko kafin goge baki, abinci da ruwa su share abin da ya saura. In kandida tana dawowa duk da haka, likita na iya sauko da adadin zuwa mafi ƙanƙantar da ke riƙe asmar, ko ya koma siklesonid, wanda ba ya fara aiki sosai sai ya isa hanyoyin iska. Kurkure baki ba ya hana salbutamol ɗin da ya riga ya shiga jini ta huhu taɓa zoben, wannan sai an rage yawan buƙatarsa.

Ta ɓangaren asid, a bar awa 3 tsakanin abincin ƙarshe da kwanciya. A ɗaga kan gadon kansa santimita 15 zuwa 20 ta sa wani abu a ƙarƙashin ƙafafunsa, domin tara filo wuya da ciki yake lanƙwasawa, ya ƙara matsa tumbi. Kwanciya a gefen hagu tana rage hauhawar asid. Rage ƙiba da barin taba suna amfanar huhu da bututu a lokaci guda.

Wasu alamun ba a jira da su a gida: abinci yana tsayawa ko haɗiya tana zafi, rama ba dalili, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ƙwannafin da ya ƙi jin magani bayan mako 8. Waɗannan kyamara suke buƙata. Ciwon ƙirji da ke zuwa da tafiya ko hawan bene, ko yake miƙawa hannu da muƙamuƙi tare da zufa, a fara duba zuciya kafin a ce asid ne ko asma. Kukan ƙirjin da salbutamol ba ya taɓa shi kwata-kwata, musamman in wajen shigar da iska ne ƙarar take kuma a wuya ake jin shaƙewar, yana iya zama igiyoyin murya ne ke rufewa, abin da asid kan tayar a wasu mutane, kuma ana gane shi ne da awon numfashi da leƙa maƙogwaro da kyamara.